Kunnen Tsakiya da Maƙogwaro: Kurakuran da Aka Fi Yi da Yadda Ake Gyara Su

Da zarar kunne ya toshe ko ya fara ciwo, ramin kunne hannu yake nufa. A sosa, a ƙwaƙule, a ɗiga magani. Amma sau da yawa abin da ke damun mutum ba ya cikin wannan ramin ko kaɗan. Yana can bayan dodon kunne, cikin wani ɗan kogo mai iska da ake kira kunnen tsakiya, kuma kogon nan ba shi da ƙofa ta waje. Ƙofarsa ɗaya ce tak, a saman maƙogwaro take buɗewa, bayan hanci. Mafi yawan kurakuran da ake yi da kunne daga rashin sanin wannan suka taso: an bar jaki ana dukan taiki.

Yadda wurin yake

Ramin da kake sa yatsa tsawonsa kusan santimita 2 da rabi ne, a ƙarshensa dodon kunne yake. Wata siririyar fata ce mai faɗin kusan santimita 1, kaurinta bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, amma ta rufe ramin ruf. A bayanta akwai ƙananan ƙasusuwa uku a jere: guduma, maƙera da likkafa. Guduma manne take da dodon kunne. Idan sauti ya girgiza shi, ita ma sai ta motsa, ta miƙa wa maƙera, maƙera ta miƙa wa likkafa, likkafa ta tura girgizar cikin ruwan da ke kunnen ciki. Tsawon likkafa kusan milimita 3 ne, duk jikin ɗan Adam babu ƙashin da ya kai ta ƙanƙanta. Saboda dodon kunne ya fi tafin likkafa faɗi kusan sau 17, ƙarfin da ya bazu a kansa yana taruwa ne a ɗan wuri, sai matsin ya ninka kusan sau 20. Ba don haka ba, da mafi yawan sautin bai shiga ruwan kunnen ciki ba.

Sai dai duk wannan aiki da sharaɗi yake tafiya. Dodon kunne ba ya girgiza yadda ya kamata sai matsin iskar da ke gabansa da na bayansa sun zo daidai. Ga shi kuma fatar da ta shimfiɗe cikin kogon kullum tana tsotse iskar da ke ciki kaɗan-kaɗan, don haka dole a riƙa cike gurbin. Mai wannan aiki shi ne bututun Eustachi, wanda aka sa wa sunan masanin sassan jiki ɗan ƙasar Italiya Bartolomeo Eustachi, da ya bayyana shi a ƙarni na 16. A jikin babban mutum tsawonsa kusan santimita 3 da rabi ne. Kashi ɗaya cikin uku na wajen kunne ƙashi ne, ragowar ta wajen maƙogwaro guringuntsi. Ya gangaro ƙasa ya karkato gaba, ya buɗe a bayan hanci, sama da ganɗa. A rufe yake yini ya kwana, ba ya buɗewa sai ka haɗiye miyau ko ka yi hamma, lokacin da wata tsokar ganɗa ke jan bakinsa na ɗan ƙiftawar ido. Haɗiye miyau yanzu ka kasa kunne. Ɗan "ƙyas" ɗin da ka ji shi ne.

Zaton cewa ramin kunne ya zarce har maƙogwaro

Mutum ya ji an ce kunne da maƙogwaro a haɗe suke, sai ya ɗauka ruwan da ya shiga kunnensa wajen wanka zai gangara ciki. Ba zai gangara ba, muddin dodon kunne lafiyayye ne. A ramin zai tsaya har ya fito ko ya bushe.

Wannan zato yana da tsada ta wani ɓangaren. Idan ruwa ba ya wucewa, maganin ɗigawa ma ba ya wucewa. Wanda mura ta toshe wa kunne, ko yaron da mugunya ta taru masa a kunnen tsakiya, ko kwalba nawa aka juye masa a rami maganin bai taɓa inda cutar take ba. Maganin ɗigawa yana da wurinsa: ciwon fatar ramin kunne, tausasa dauɗar da ta daskare, da kuma kunnen da ya riga ya ɓule, shi ma irin wanda likita ya zaɓa.

Akwai wata alama da ya kamata kowa ya riƙe. Idan ka ɗiga magani a kunne, jim kaɗan ka ji ɗacinsa a maƙogwaro, to da wuya in ba akwai huji a dodon kunnenka ba, ta nan maganin ya bi ya gangaro ta bututu. Dakata da shi, ka je a leƙa kunnen. Wasu magungunan ɗigawa, kamar masu ɗauke da jentamaisin ko niyomaisin, suna iya cutar da kunnen ciki idan suka samu hanyar isa gare shi. Mai mai ɗumi da ruwan ganye kuwa, a kunnen da ba a san halin dodonsa ba, kasada ce kawai.

Tsinken auduga ba ya buƙatar dogon bayani. Toshewar da ta zo tare da mura ko atishawa daga ciki take, babu abin da za ka ƙwaƙulo. Iyaka ka cusa dauɗa ciki ta danne dodon kunne, matsala ɗaya ta zama biyu, ko wani ya bangaje hannunka ka huda shi.

Fyace majina da ƙarfin tsiya

Mura tana kumbura fatar hanci da bayansa, bakin bututun ya matse. Iska ta daina shiga, wadda ke cikin kogon ana ta tsotse ta, sai dodon kunne ya lotsa ciki. Abin da kake ji ke nan a matsayin toshewa, sauti yana zuwa maka daga nesa, muryarka tana amsa-kuwwa a cikin kai. A irin wannan hali mutane kan matse hancin duka biyu su fyace iya ƙarfinsu. Wannan ƙarfin yana iya tura majina mai ɗauke da ƙwayoyin cuta sama ta bututun, kai tsaye zuwa kogon da da ma a toshe yake. Gyaran mai sauƙi ne: toshe kafar hanci ɗaya, fyace ɗayar a hankali, sannan ka juya.

Dabarar nan ta rufe baki, matse hanci, a hura iska don kunne ya buɗe, tsohuwa ce. Likitan Italiya Antonio Valsalva ya rubuta ta a littafinsa kan kunne a 1704, har yau da sunansa ake kiran ta. Tana aiki, amma ana ɓata ta da wuce gona da iri. Hura ce 'yar kaɗan, ta daƙiƙa biyu ko uku. Idan kumatunka sun kumbura, idanunka sun yi ja, ka wuce inda ake so. Bututun da ya kumbura ba ya buɗewa da ƙarfi, dodon kunne da kunnen ciki su ne za su sha wahalar. A ganina wadda ta fi dacewa a fara da ita ita ce ta Joseph Toynbee, likitan kunne na Ingila a ƙarni na 19: matse hanci, ka haɗiye miyau. Babu hura, babu yunƙuri, tsokar da aka yi don buɗe bututun ita ce ke aikinta.

Maganin feshi mai buɗe hanci nan take, irin su oksimetazolin, yana kawo sauƙi, amma kada ya wuce kwana 3 zuwa 5. Bayan haka hanci kan saba da shi, yana sakinka ya ƙara kumbura fiye da da. Wanke hanci da ruwan gishiri mai tsabta ba shi da wannan matsalar. Toshewar kunne bayan mura kan ɗauki 'yan makonni kafin ta washe, kuma wannan jinkirin shi kaɗai ba abin tayar da hankali ba ne.

Barci lokacin saukar jirgi

Matsin iskar cikin jirgin fasinja a sama daidai yake da na tsauni mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. Lokacin tashi iskar kunnen tsakiya tana faɗaɗa, ta ture bututun ta fice da kanta, shi ya sa tashi bai cika damun kowa ba. Sauka ce matsala. Matsin waje yana ƙaruwa, yana danna dodon kunne ciki, yana kuma ƙara matse bakin bututun, iska ba za ta shiga ba sai ka buɗe mata. Mai barci kuwa ba ya yawan haɗiya. Sai ya farka da kunne yana suka, a lokacin bambancin matsin ya yi yawan da hamma ma ba ta buɗe shi.

Ka kasance a farke tun daga lokacin da jirgi ya fara yin ƙasa, wato kamar rabin awa kafin ya taɓa ƙasa. Tauna cingam, kurɓi ruwa, yi hamma, kuma ka fara tun kunnen bai toshe ba. Jariri a ba shi mama a wannan lokaci, tsotson da haɗiyar su ne maganin. Mai mura mai tsanani ko ciwon kunne, in da hali ya ɗaga tafiyar. Masu nutso cikin ruwa abin ya fi tsanani a kansu, don a zurfin mita 10 kacal matsin ya ninka biyu, kuma 'yan mitoci kaɗan sun isa su fasa dodon kunnen da bututunsa ya ƙi buɗewa.

Yara

A nan kurakuran suka fi yawa, a nan kuma suka fi barin tabo. Bututun jariri bai fi rabin na babba tsawo ba, guringuntsinsa da laushi, kuma maimakon ya gangara sosai kusan a kwance yake. Ƙwayoyin cuta daga bayan hanci ba su da nisan tafiya, ruwan da ya taru a kunne kuma ba shi da gangaren fita. Ga wata tsokar garkuwar jiki a bayan hanci, daf da bakin bututun, wadda kan girma a ƙuruciya ta tare hanya. Shi ya sa mafi yawan yara kan yi ciwon kunnen tsakiya aƙalla sau ɗaya kafin su cika shekara 3, ya fi yawa tsakanin wata 6 da shekara 2, sannan ya ragu bayan shekara 7 lokacin da bututun ya ɗauki siffar na manya. Yaran da aka haifa da tsagaggiyar ganɗa sun fi kowa fama, saboda tsokar da ke buɗe bututun ba ta zauna daidai ba.

Kuskure na farko shi ne kwantar da jariri rigingine a sa masa fida a baki ya yi barci da ita. Madara na iya komawa bayan hanci ta taɓa bakin bututun. A ɗaga kansa sama da cikinsa yayin shayarwa. Na biyu hayaƙi, na taba ko na girki a rufaffen wuri, wanda ke kumbura fatar bututun ya kuma kashe kuzarin ƙananan gasun da ke share majina daga kunne zuwa maƙogwaro. Shayar da mama zalla na wata 6 da kammala alluran riga-kafi, musamman ta nimoniya, suna rage yawan ciwon.

Sai batun antibayotik, inda ake kuskure ta fuska biyu. Wasu iyayen yaro na taɓa kunne sun sayo magani. Alhali ciwon kunnen tsakiya da yawa yana lafawa da kansa cikin kwana 2 zuwa 3, abin da yaron ya fi buƙata a daren farko shi ne maganin rage zafi kamar farasitamol, gwargwadon nauyinsa. Asfirin ba na yara ba ne. Wasu kuma sukan yi ta jira inda bai kamata a jira ba. Jaririn da bai kai wata 6 ba, yaron da bai kai shekara 2 ba da kunnuwansa biyu suka kamu, wanda kunnensa ke zubar da mugunya, mai zazzaɓi mai zafi, ko wanda ya kwana biyu ba sauƙi, duk waɗannan a kai su a duba. Idan aka rubuta magani kuma, a shanye shi yadda aka ce.

Wanda ya fi ɓuya shi ne ruwan da ke saura bayan ciwon ya wuce. Ba zafi, ba zazzaɓi, ba kuka. Wani ruwa ne mai danƙo ya cika kogon, ƙasusuwan uku suna motsi da ƙyar. Yaron ana kiransa daga bayansa ba ya waiwayowa. Yana matsawa jikin talabijin, yana ƙura wa bakin mai magana ido, kome aka faɗa sai ya ce "na'am?" sau biyu. A gida a ce ya yi taurin kai, a makaranta a ce ba ya mai da hankali, wani lokaci har da duka. Yaron kuwa ba ya ji ne sosai. Yawanci ruwan kan janye cikin wata 3. Idan ya wuce haka, ko magana ta yi jinkiri, ko yaron yana barci baki buɗe yana munshari, a nemi gwajin ji wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Maganin mura da na atishawa ba sa busar da wannan ruwan. In ya ƙi tafiya, akan yi ɗan aiki a sa ƙaramin bututun roba a dodon kunne don iska ta samu shiga ta waje, yakan faɗo da kansa cikin wata 6 zuwa shekara, wani lokacin kuma a cire tsokar bayan hancin.

"Ai ya fashe, ya samu sauƙi"

Yaro ya kwana yana kuka, da asuba aka ga mugunya a kan matashi, kukan ya tsaya. Gaskiya ne zafin ya tafi, don matsin da ke bayan dodon kunne ya samu mafita. Amma dodon ya ɓule ke nan. Yawanci hujin kan rufe da kansa cikin 'yan makonni idan an bar shi a bushe aka kuma magance cutar. Abin da ke hana shi rufewa shi ne ruwan wanka, ɗige-ɗige, da cusa auduga a bar ta ta yini a ciki tana riƙe danshi.

Yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ke koyar da ma'aikatan jinya shi ne a murɗa tsabtataccen ƙyalle mai laushi ko takarda mai tsotse ruwa ta yi tsini, a zura a hankali ba tare da tsinke ba, ta jiƙe a cire, a sa wata, har kunnen ya bushe, sau 3 a rana. Lokacin wanka kawai a toshe bakin ramin da audugar da aka shafa wa basilin, a gama a cire. Zubar da ta kai mako 2 ta zama daɗaɗɗiya, tana cin ji a hankali, ba ta gida ba ce kuma. Idan tana da wari mai tsanani kuma ta ƙi jin magani, akwai yiwuwar fata ce ta yi jaka a cikin kogon tana cin ƙashi, wannan kuwa sai tiyata.

Kogon nan maƙwabtansa manya ne. Rufinsa siririn ƙashi ne da ya raba shi da ƙwaƙwalwa, jijiyar da ke motsa fuska ta bangonsa ta bi, bayansa kuma ƙashin bayan kunne ne mai ramuka-ramuka. Don haka kumburi a bayan kunne har ya turo kunnen gaba, karkacewar baki, jiri mai tsanani, ciwon kai da amai, ko sandarewar wuya, asibiti ake nufa a ranar, ko da tsakar dare ne.

Ciwon a kunne, cutar a wani wuri

Jijiya ɗaya ce ke ɗaukar saƙon zafi daga maƙogwaro da kuma kunnen tsakiya, ƙwaƙwalwa kuwa ba kullum take bambance daga ina saƙon ya fito ba. Shi ya sa mai ciwon maƙogwaro kan ji suka a kunne duk lokacin da ya haɗiyi abu, alhali kunnen ƙalau yake. Ruɓaɓɓen turmin haƙori da gaɓar muƙamuƙi ma suna aika nasu ciwon can ta wata jijiyar. A manya, ciwon kunne da yawa irin wannan ne. Idan an leƙa an ce kunnen lafiya lau, kada ka ce likita bai iya ba, a duba baki, haƙora da maƙogwaro.

Abu biyu a nan ba a wasa da su. Babban mutum da kunnensa ɗaya ya tara ruwa ya ƙi washewa makonni da yawa, musamman in akwai haɓo ko ƙullutu a wuya, sai an leƙa bayan hancinsa da na'ura, domin ƙari a wurin kan fara bayyana ne da toshe bakin bututun. Haka mai shan taba ko giya da ke da ciwon kunne ɗaya tare da dushewar murya ko wahalar haɗiya fiye da mako 3. Galibi ba sankara ba ce, amma idan ita ce, lokacin ganin ta da wuri ke nan.

Toshewar da ba ta bututu ba ce

Mutum ya tashi da safe kunne ɗaya ya ɗauke, ko ya ɗaga waya ya ji shiru a ɓangare ɗaya, wataƙila da ƙugi a ciki. Sai ya ce mura ce, zai buɗe. Wani lokaci jijiyar ji ce ko kunnen ciki ya samu matsala farat ɗaya, kuma maganinsa ya fi aiki a kwanakin farko, bayan mako 2 damar ta ragu ƙwarai. Akwai ɗan gwaji da za ka iya yi a zaune: rufe baki ka ja "mmm". Idan sautin ya fi ƙarfi a kunnen da ya toshe, alama ce matsalar ta rami ce ko ta kunnen tsakiya. Idan ya koma lafiyayyen kunnen, ka nemi likita a ranar. Gwajin bai maye gurbin na asibiti ba, kuma duk jin da ya ɗauke kwatsam ba tare da mura ba ya cancanci a duba shi da gaggawa ko me gwajin ya nuna.

Akwai kuma waɗanda bututunsu ba toshewa ya yi ba, a buɗe ya tsaya. Yakan faru bayan rama mai yawa cikin ɗan lokaci, saboda kitsen da ke tallafe bututun ya ragu, ko kuma lokacin goyon ciki, ko jiki ya rasa ruwa. Mai wannan yana jin numfashinsa yana shiga yana fita a cikin kunne, muryarsa tana dukan kansa da ƙarfi har magana ta gundure shi. Shi ma "kunnena ya toshe" zai ce, sai a ba shi maganin buɗe hanci, wanda ke ƙara sa fatar wurin ta motse, abin ya ƙaru. Yadda ake gane shi: idan ya kwanta, ko ya sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyinsa, jini ya taru a wurin, bututun ya rufe, damuwar ta lafa cikin 'yan mintoci. Wanda ya lura da haka ya faɗa wa likita wannan bayanin da bakinsa, ya ajiye maganin feshin, ya yawaita shan ruwa.